Makullin da Ban Karɓa Ba

Har yau idan na ji ana yabon mace da cewa tana da kunya, sai in ji raina ya ɓaci. Kunya ce ta raba ni da gidana, kuma wanda ya fi kowa yaba mini ita shi ne yake kwana a babban ɗakin gidan yanzu. Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, don kada wani ya ce 'yan ubanci ne.

Mu huɗu Baba ya bari: Yaya, ni, ƙanwata da ke aure a Moriki, sai autanmu. Inna ta riga shi rasuwa da daɗewa. Baba manomi ne a Zurmi, mai gero da dawa, karatunsa bai wuce abin da zai yi salla da shi ba. Yaya ne aka kai makaranta mai zurfi, ya dawo da rawani da tarin littattafai, yana koyar da fiƙihu. Duk abin da ya shafi takarda a gidanmu shi ake kira, mu kuwa mu yi tsit kamar an aiko shi daga sama.

Shekarar da mijina ya rasu ina koyarwa a wata firamare a Shinkafi, ina zaune gidan haya da yara uku. Baba yana da wani gida a Ƙaura, ba nisa da tsohuwar tashar jirgi, ɗaki huɗu da zaure, ya saya tun lokacin da gyaɗa take da daraja. Da gonakinmu na daji suka gagari zuwa saboda 'yan bindiga, sai ya mai da gidan wurin ajiyar ɗan hatsin da yake samu a gonar bakin gari, don ya fi amincewa da Ƙaura.

Ranar wata Babbar Salla, bayan an gama fiɗa, ya tara mu a zaure tare da maƙwabtansa biyu, tsofaffin manoma irinsa. Ya sa Yaya ya ɗauko alƙalami. Ina kallo Yaya ya rubuta da kyakkyawan hannun nan nasa cewa Baba ya ba ni gidan Ƙaura kyauta, shaidu suka dangwala yatsa. Sannan Baba ya zaro makulli daga aljihun taguwarsa ya miƙo mini.

“Ke, matso nan,” in ji shi. “Gidan ga na ba ki shi halak malak. 'Yan'uwanki maza suna da abin yi, ke kau ga marayu. Amshi.”

Wace ɗiya ce za ta miƙa hannu ta karɓi makullin gida daga hannun uba yana zaune da ransa, a gaban mutane? A wurinmu sai a ce ta ƙagu ya mutu. Na sunkuyar da kai, hawaye na zuba, na ce, “Baba, ka riƙe wurinka. Allah shi ja da ranka. Hatsinka ma na ciki.”

Yaya ya yi murmushi ya ce, “Madalla da ɗiyar ƙwarai. Baba, ka ga tarbiyya ko? Wata da ta warce tun ba ka ruhe baki ba. Ki bar shi nan, gida ba shi tahiya ko'ina.” Har albarka ya sa mini. Na koma Shinkafi da takardata a ƙasan akwati, ina jin kaina wata mutuniyar kirki.

Baba ya ƙara damina biyu a duniya. Duk wannan lokaci ina neman a yi mini canjin wurin aiki zuwa Ƙaura, ban samu ba. Shi kuma yana zuwa da buhunansa yana buɗewa yana rufewa kamar yadda ya saba. Sau ɗaya ya sake ce mini in kai ko da gadona in ajiye a ciki, na ce sai canjin ya fito. Da na gaya wa Yaya, cewa ya yi babu gaggawa.

Bayan sadakar arba'in aka zauna rabon gado. Wanda ya zo raba mana wani baffanmu ne, tsohon alƙali da ya yi ritaya, mutum ne da ba ya cin haƙƙin kowa, kuma ba ni da abin da zan faɗa a kansa. Aka lissafa gonaki, waɗanda ko kyauta aka ba mutum yanzu ba zai taka su ba. Aka lissafa gidan Zurmi da ya fara zubewa. Sai na ji Yaya ya ce, “Sai gidan Ƙaura.” Na ɗauka mantuwa ya yi. Na fito da takarda na miƙa wa Baffa, ina ma ɗan jin nauyin tuna wa Yaya abin da shi ya rubuta.

Baffa ya karanta a hankali, ya kira shaidun nan biyu suka tabbatar. Sannan ya dube ni.

“Ɗiyata, ya ba ki, babu musu. To kin amshi makulli?”

Na ce a'a.

“Kin taɓa kwana ciki? Kin sa haya? Ko tabarma kin shimfiɗa?”

Na ce a'a, hatsin Baba ne a ciki.

Baffa ya ajiye takardar. Sannan ya bayyana mini cewa kyauta ba ta tabbata sai wanda aka ba ya karɓa ya riƙe tun mai bayarwa yana da rai da lafiya. Idan ya rasu abin yana hannunsa, ya koma gado. Idan kuma aka ce wasiyya ce, to ba a yi wa magaji wasiyya sai sauran magada sun yarda. Saboda haka zai tambaye su ɗaya bayan ɗaya.

Ƙanwata ba ta bari ya rufe baki ba, ta ce ta bar mini nata duniya da lahira. Autanmu, wanda na goya a bayana bayan rasuwar Inna, ya kafa wa ƙasa ido ya ce shi duk abin da Yaya ya ce. Yaya kuwa ya gyara zaman rawani ya ce, “Ni ba ni ƙetare abin da Allah yar raba.”

Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Na ce, “Yaya, ranar da kas sa min albarka, ka san hukuncin ga ko ba ka sani ba?”

Ya ce, “Ke, ba a yi ma na gaba magana haka.”

Na ce, “Babin ga kana karantar da shi. Ka sani ko ba ka sani ba?”

Ya ce, “Ai ba ki tambaye ni ba.”

Wannan amsa ce ba zan yafe ba. Da ya ce yana da iyali da yawa, Zurmi ta gagare shi zama, yana son inda zai sa kansa, wallahi da na ba shi ɗaki biyu da hannuna. Amma ya zauna ya rubuta wa tsoho takardar da ya san ba za ta tsaya ba, ya bar shi ya tafi kabari yana zaton ya rufa wa marayu asiri. Ni ya cuta, amma Baba ya yaudara, kuma na tsane shi a kan wannan. Na faɗa a gaban Baffa, ina kuma sake faɗa a nan.

Kasona da na ƙanwata da aka haɗa, ɗakin baya ne da madafa. Na rantse ba zan zauna ba. Amma wata biyu bayan haka canjin da na yi shekaru ina nema ya fito, hanyar Shinkafi ta ƙara lalacewa, albashina ba zai ɗauki haya a Ƙaura da kuɗin makarantar yara ba. Na kwaso su muka shiga ɗakin baya, mu huɗu. Yaya, wanda ya riga ya tare a babban ɗakin da iyalinsa, ya aiko matarsa da tuwo, yana gaya wa mutanen unguwa cewa shi yake riƙe da ni da marayu, su kuma suna sa masa albarka.

Kullum da safe yana karantar da ɗalibai a zaure, muryarsa tana shigowa har madafa. Idan sun tashi yakan yi addu'a. Idan ya roƙa wa Baba gafara ina ajiye abin da ke hannuna in ce amin. Idan ya zo kan Allah ya haɗa kan zuri'a, sai in ci gaba da wanke-wankena.