Fasto Byensi da Kabarin da Ya Gaji da Jira

Ranar Talata, tara ga watan Satumba, da hantsi, Fasto Kezekiya Byensi ya rasu a asibitin gari bayan jinyar ciwon ƙirji. Labarin ya iske mu a Nyakishojwa muna tsakiyar shukar wake. Na bar fartanyata a kan kunya, na hau tudun coci, na buga ganga irin bugun da kowa ya san ma'anarsa. Kafin in sauke hannu gonakin gangare sun zama wayam. A wurinmu, daga ranar da maƙwabci ya mutu ba mai sa fartanya a ƙasa sai an binne shi.

Ni ne Zaburoni Kanyima, mai gangar coci. Ban yi makaranta ba. Baƙaƙen nan da nake jerawa kai ka koya mini su, Fasto, lokacin da kake shirya mu domin baftisma. Idan rubutun ya karkace, ka san wanda zan ɗora wa laifi.

Ba yabo na zo yi maka ba, don ka hana. Sau nawa ka tsaya a bakin kabari kana cewa jana'iza wurin shelar tashin matattu ce, ba wurin wanke mutum da ƙarya ba? Kuma ko da ba ka hana ba, ina da ƙorafe-ƙorafena a kanka, mutuwarka ba ta shafe su ba.

Ka tuna kwanon rufi? Wani ɗan takara ya aiko mana da shi mota guda, kowane falle da sunansa a jiki da jan fenti. Rufin cocin a lokacin ya zama rariya. Ka fito, ka duba, ka ce a mayar. Dattawa suka yi ta lallashi, ka ce, "Ranar da mai sunan nan ya ci haƙƙin wani, bakina zai yi nauyi a ƙarƙashin rufinsa." Motar ta juya. Ruwan kuwa bai tashi zuba ba sai daidai kan bencina. Na kawo maka ƙara, ka ce, "To matsa gefe mana, Zaburoni." Na ce nan ubana ya zauna. Ka ce, "To sai ka jiƙe." Na jiƙe, damina bayan damina, har muka haɗa ƙarfinmu muka rufe shi da kanmu. Har gobe ina nan a kan bakana: da ka karɓi ko falle ɗaya ka kankare sunan, da sama ba ta faɗo ba.

Haka kake. Ba jam'iyyar da ba ta zage ka ba. Masu mulki sun ce kai ɗan adawa ne, 'yan adawa sun ce an saye ka. Kai kuwa abu ɗaya kake maimaitawa har yara suka haddace: zuciyar mutum ce ta lalace, kuma ba a gyara ta da ƙuri'a. Ka ce a yi wa hukuma addu'a, a bi doka, amma ranar da ta fara alkawarin abin da Allah kaɗai ke bayarwa, ta zama gunki. Ka ce zamanin nan ya kori kalmar zunubi daga bakinsa, yanzu kowa "kuskure" yake yi, shi ya sa ba mai tuba, sai mai ba da bayani. Masu wa'azin rediyo da ke sayar da mai da ruwan albarka ma ba ka raga musu ba. Wa'azinka ya cika tsawo, wannan na sha gaya maka ido da ido. Amma ban taɓa kama ka da faɗin abu a bagade ka aikata wani a gida ba, kuma Allah ya sani na sa ido.

Akwai abin da ba zan iya yin ƙorafi a kansa ba. Shekarar da matata Peresika ta kwanta, mota ba ta hawa tudunmu. Sai engozi, gadon sanda da muke ɗaukar marar lafiya a kafaɗa. Mazan unguwa sun tafi taron siyasa inda ake rabon riguna, mai ɗauka ɗaya muka rasa. Ka cire kwalar fasto ka sa a aljihu, ka shiga ƙarƙashin sandar gaba. Ka zame a taɓo, gwiwarka ta fashe, ba ka saki ba. Da Peresika ta rasu, kai ka fara shiga ramin da shebur, washegari aka binne ta. Ka ce mana ajiye fartanya ba tsoron gawa ba ne, kuka ne tare da mai kuka, saboda haka kada mai makoki ya mayar da ƙaunar maƙwabtansa yunwa. Ka ce mutanen yanzu suna daskarar da gawa su shafa mata hoda don ba su yarda akwai wani abu bayan kabari ba.

To, Fasto, ka ji abin da aka so yi da kai.

Mu tsofaffi mun haƙa kabarinka tun washegarin rasuwarka, a bayan gidanka, gefen ayaba. Muna zaune muna jiran gawa sai ga ɗanka Onesmo, wanda ke riƙe wa ɗan majalisa waya da jaka. Ya ce an sa ka a firji a gari. Ya ce mai girma yana Kampala, sai ya samu sarari. Za a kafa rumfuna, a kawo lasifika, a buga riguna da hotonka, manyan baƙi su yi jawabi.

Na ce, "Yaro, ubanka kifi ne da za a sa shi a ƙanƙara?"

Ya ce, "Haba Baba Zaburoni, zamani ya canza. Girmama shi za a yi."

Na ce, "Mutumin da ya hana maigidanka magana a coci yana da rai, shi za ku kwantar a gabansa yanzu da ba shi da bakin hanawa?"

Ya ce, "Baba, ku dai tsaya a kan gangarku." Ya hau babur ya tafi.

Mako ya wuce, wani ya shiga. Ruwa na zuba kullum, irin ruwan da manomi ke roƙo. Kabarinka ya cika, muka kwashe da bokiti, ya sake cika. Irin wake na zube a ɗakuna, fartanyu na jingine, lokacin shuka na wucewa. Mata sun fara gunaguni a bakin rijiya, amma ba wadda ta yarda ta zama ta farko da za ta yi noma alhali Fasto bai kwanta ba. Ƙauye guda zai rasa girbi saboda ƙaunarka, kai kuma za a mayar da kai dandalin neman ƙuri'a. Na je wurin dattawan ikkilisiya, suka yi ta kallon ƙasa. Ɗaya ya ce wai an yi musu alkawarin siminti. Sunansa na sani, shi ma ya san na sani.

Matarka ce ta raba gardama. Da safe Mama Edurida ta tsaya a ƙofata da sandarta, ta ce, "Ɗan'uwa Zaburoni, gangar taka ta fashe ne?" Na ce lafiyarta ƙalau. Ta ce, "To buga. Yau zan ɗauko mijina." Ta shiga motar dankali ta tafi gari da kanta, ta ce wa mutanen asibiti ita ce matarka, a ba ta gawarka. Mota ta sauke ku a gindin tudu, inda muke jira da engozi, mu tsofaffi da guntun ƙarfinmu.

Muna ɗaure akwatin sai ga Onesmo a guje. "Mama! Kin san abin da kika yi? Kin kashe mini aiki!"

Ta dube shi ta ce, "Aiki za ka samu wani, ɗana. Ga sandar gaba can ba kowa."

Ya tsaya, wayarsa na ta ƙara a aljihu. Ni dai na riga na yanke masa hukunci a raina. Sai na ga ya kashe ta, ya tuɓe kwat, ya sa kafaɗa daidai inda ka sa taka domin Peresika. Bai iya ɗauka ba, ƙafarsa ba ta tafiya da ta kowa, duk hanya ina yi masa faɗa. Amma bai saki ba har bakin rami, kuma shi ya fara zuba ƙasa. Ba lasifika, ba jawabi. Ƙaramin fasto ya karanta Maganar Allah, muka yi waƙa, muka rufe ka. Washegari gangaren ya cika da mutane a sunkuye. Shukar ta makara, amma ta shiga ƙasa.

Na ji an ce rumfunan za su zo duk da haka ranar Asabar, wai taron tunawa da kai. Su zo. Mai nemana ya same ni a gona. Gangar kuma tana ɗakina a kulle.

Mama Edurida, Ubangiji ya ta'azantar da ke, ya ƙara miki ƙarfi. Onesmo, ban san ko maigidanka zai sake karɓarka ba. In ya kore ka, Allah ya buɗe maka ƙofar da ba sai ka ba da gawar ubanka ba. Sauran 'ya'ya da jikoki da ikkilisiya duka, Allah ya ba mu haƙuri, ya ba dattawanmu ƙarfin hali.

Kai kuma Fasto, na san ka koyar da cewa wanda ya mutu cikin Almasihu ba ya bukatar roƙon kowa. Na ji. Duk da haka zan ce Allah ya ji ƙanka, ya karɓe ka da alherinsa, kuma yanzu ba ka da bakin hana ni. Ka huta har ranar tashi. In akwai benci a can, ka kama mini wuri kusa da kai, inda ba ya yoyo.

Zaburoni Kanyima, Nyakishojwa