Ɗan Rakiya Ya Sha Allura

A ɗakin kwanan ɗalibai Farfesa ake kiransa, alhali yana aji biyu a jami'a. Bakinsa ne ya jawo masa sunan. Ko musun ƙwallo ake yi, sai ya gyara tabarau ya ce, "Bincike ya nuna."

Da rigakafin korona ya iso asibitin makaranta, sai abin nema ya samu. Wani ya ce allurar tana hana haihuwa, wani ya ce ya ga bidiyon cokali ya manne a damtsen wanda aka yi wa. Farfesa ya bi su gado-gado yana bayani. Har Dogo, mai kwana a gadon samansa, wanda ya rantse ba mai huda shi, ya miƙa wuya don kunnensa ya huta.

Shi yake raka su asibitin, ya riƙe musu jaka, yana cewa, "Kamar cizon sauro ne." Yawan ganinsa ya sa malamar asibiti ta ɗauka tuni an yi masa. Shi kuwa ko ƙyallin allura ya hango, sai ya kau da kai, shi ya sa bai yarda an yi masa ba.

Ana nan mahaifiyarsa ta zo duba shi, ta ce tunda ya ishe ta a waya, ya kai ta a yi mata. Dogo ya biyo su ɗauke da kayanta. Da aka gama, malamar ta ce, "Mama, kin haifi jarumi."

"Wa? Wannan?" Ta dube shi sama da ƙasa. "Wanda sai ƙannen babansa sun danne shi ake yi masa allura? Kai, nuna min inda aka yi maka."

"Ai Umma, a tsarin da na..."

"Zauna."

Ya zauna, ya damƙi gefen mayafinta, ya runtse ido. Sanyi na taɓa damtsensa ya kurma ihu, "Wayyo Umma!"

"Auduga ce fa," in ji malamar.

Allurar kanta bai san shigarta ba, yana can yana hararar Dogo da ya durƙushe don dariya.

A hanya ya roƙi Dogo ya rufa masa asiri, Dogo ya yi alkawari har da dafa ƙirji, alhali tuni ya tura labarin ta waya. Suna shiga farfajiyar ɗakunan, aka leƙo ta tagogi ana "Wayyo Umma!" Farfesa ya tsaya, ya ɗaga lafiyayyen hannun ya gaishe su.