Direban da Injiniya Modu Ya Ce a Cire

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa, don karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina tsoron in faɗi maganar injiniyoyi ba daidai ba. Amma ban taɓa mantawa da ranar da Injiniya Modu ya fara aiki a shagonmu ba.

Shagon haɗa bidiyon biki ne a unguwar Madaki a Gombe, ni nake tuƙa motar masu kyamara. A shekarun da ake caje jaka a ƙofar kasuwa, kwamfutar tace hoto ta soma ba mu wahala. Hoto ya riƙa tsayawa, fankarta na ta kuka, dangin amare na ta kira. Sai Alhaji, mai shagon, ya ɗauki Modu, mutumin Maiduguri da rikici ya koro Gombe.

Ina wanke mota na ji yana ce wa Alhaji, "Direban nan ne matsalarku. Sai an cire shi."

Alhaji ya ce, "To a cire shi yau."

Na ɗauka ni ake nufi. Ga yara, ga gidan haya a Barunde. Na shiga na ajiye makulli a tebur, na ce, "Ranka ya daɗe, ko kwarzane ban taɓa yi wa motar nan ba."

Modu ya yi dariya har da hawaye. "Malam Buba, a cikin kwamfuta kake kwana?"

Ya zaunar da ni ya fahimtar da ni. Direba wata manhaja ce mai kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwar kwamfuta da katin hoto. Namu yana jibga wa ƙwaƙwalwar aikin da ba nata ba, ta gaji, katin kuwa yana zaune yana jira.

Daga ranar kwanonmu ɗaya. In za mu ƙauye shi ne a gaban mota, yana koya mini gaisuwar Barebari yana dariyar bakina.

Da kwamfutar ta miƙe, Alhaji ya sallame shi. Na roƙa a bar shi, aka ce babu sauran abin gyara. A nan na gane cewa a sana'arsu, wanda ya yi gyara mai kyau shi ke fara rasa wurin zama. Ni na tsira da aikina, shi ne ya tafi.

Ya ce zai nemi mahaifiyarsa wajen Bama. Ni na kai shi tasha. Tun daga nan lambarsa ba ta shiga, kuma har yau ina gwadawa.

Dogo ne, mai tabarau, yana ɗan ɗingishi da ƙafar hagu. Don Allah duk wanda ya gan shi, ko ya ji yadda ta kasance, ya sanar da ni. Ko wane iri ne labarin, ina so in sani.