Noti Na Shida

Har yau akwai wata Laraba a farkon damunar 1976 da ta ƙi fita daga raina. Lokacin ina ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje a wata makarantar horon malamai a Daura, ƙarƙashin malamin kimiyya, wani Ba'indiye, Mista Raman.

Shi ya haɗa mana na'urar hangen taurari. Madubinta siriri ne, faɗin faranti, yana zaune cikin akwatin katako a kan noti tara. In ka ɗaure ɗaya, fuskar madubin ta ɗan lanƙwasa. In ka sassauta, ta koma. Wata biyu muka yi, shi yana leƙe, ni ina juyawa, har tauraro ya fito tsaf. Sai ya ɗiga jan fenti a gefen sama na kowane noti, ya ce, "Habu, kada kowa ya taɓa." Ya tafi hutu ƙasarsu, makulli yana hannuna.

Ranar Larabar nan, da azahar, na shiga shara. Na yaye ƙyallen da ke rufe da madubin, na ga fuskata. Ina tsaye ban motsa ba, sai bakina ya fara karkacewa a hankali, idona na hagu yana zamewa ƙasa. Daga bayan akwatin na ji ƙas, ƙas. Ban san sanda na kai bakin masallaci ba.

Kwana uku na ƙi shiga. Shugaban makaranta ya kira ni, ya ce, "Malam Habu, ko ka koma ɗakin nan, ko ka ajiye makulli."

Na je na roƙi Baba Ila, kafintan da ya yi akwatin, muka shiga tare. Ya shafa katakon, ya yi dariya.

"Danshi ne, ɗana. Katako ya sha iskar damuna ya kumbura, yana tura madubin."

Har na fara jin kunya, sai na ga ya sunkuya a bayan akwatin. Ya nuna noti na shida. Ɗigon fentinsa ya koma ƙasa, rabin juyi cif.

"Baba, danshi yana juya noti?"

"Ba ya juyawa," in ji shi. Ya yi bisimilla, ya mayar da ƙyallen. "Wannan ban san shi ba."

Na rubuta duka biyun a littafin aiki, abin da muka gane da wanda ba mu gane ba. Ku da kuke fara irin wannan aiki, in ma'aikaci yana da amsar komai, ku sake duba aikinsa.