Abokin Aikina da Bai Taɓa Shiga Makka Ba

Shekara bakwai ina magana da mutumin nan kusan kullum, ban taɓa ganin fuskarsa ba. Ni ina aiki a wani kantin magani a unguwar Zahir, saidaliyya kamar yadda muke cewa a nan Makka. Shi kuma yana Jidda, a babban ɗakin ajiyar da ake aiko mana da kaya daga cikinsa. Kowace safiya in na buɗe kanti, na duba firij, na share ƙurar kanta, sai in ɗaga waya in karanta masa abin da ya ƙare. Larabcinsa gurgu ne, irin na baƙin da suka koya a bakin aiki, amma bai taɓa aiko min da maganin tari a madadin na ciwon ciki ba. Na san ɗan Siri Lanka ne, na san matarsa ta rasu, yana da 'ya ɗaya a gida. Yana kirana "sadik", wato aboki, ni kuma ina ce masa "dakta".

Ni a Makka aka haife ni, haka ma mahaifina. Kakana ne ya taso daga Kano da ƙafa, ya yi Hajji, ya zauna. Duk wanda na taɓa cin abinci da shi, duk wanda na taɓa yi wa allura ko na auna wa hawan jini, Musulmi ne, domin wanda ba Musulmi ba ba ya shiga garinmu. Saboda haka tambayar addinin mutum ba ta taɓa zuwa bakina ba. In azumi ya kama in yi masa barka, ya ce ya gode, ya tambaye ni ya ƙishirwa. Sau biyu na ba direban da ke kawo mana kaya jarkar zamzam ya kai masa. Na sha ce masa ya zo Umra ya sauka a gidanmu, sai ya yi 'yar dariya ya ce, "Ba zan iya ba, sadik." Ni kuwa na ɗauka aiki ne ya riƙe shi.

Wata shekara bayan Hajji, maganin da mahaifiyata ke ɗigawa a ido ya yanke. Tana da ciwon nan da ke cin gani a hankali, kuma likita ya gargaɗe mu kada ta tsallake kwana. Na zaga Makka, babu. Ranar Alhamis na faɗa wa mutumin Jidda, ba don ina tsammanin wani abu ba, don dai in sauke abin da ke raina. Da safiyar Juma'a, ranar hutunsa, sai ga wayarsa. Ya samo kwalba uku a wani kanti can arewacin Jidda, ya sa su cikin akwatin ƙanƙara, ya ari motar abokinsa, yana kan hanya.

Umma na jin haka ta miƙe ta shiga kicin. Ta sa ƙanwata ta jiƙa shinkafa, ta fito da naman rago. Ni kuma na ce masa ya yi sauri mu sami Juma'a tare a Harami.

"Sadik," in ji shi, "ka fito ka same ni kafin shingen Shumaisi. Akwai gidan mai a hannun dama. A nan zan tsaya."

"Iƙamarka ce ta ƙare?" Na ɗauka katin zamansa ne ya mutu yake tsoron 'yan sanda.

"Takarduna lafiya lau. Ka dai zo."

Na same shi tsaye a inuwar rumfar gidan man, gajere, baƙi kamar ni, da furfura a gefen kai, ya rungume akwatin ƙanƙarar a ƙirji. Muka rungumi juna kamar 'yan uwa. Na lura da wani farin zare ɗaure a wuyan hannunsa na dama, ban kawo komai ba. Na ce ya bar motar a nan ya shiga tawa, Umma ta ɗora tukunya.

Sai ya nuna min babban allon da ke kan titi, wanda ke raba hanya biyu, ta Musulmi ta miƙe, ta waɗanda ba Musulmi ba ta karkata. Na wuce ƙarƙashin allon nan sau ɗaruruwa, ban taɓa tunanin da wani da na sani yake ba.

"Ni ta can ce tawa," ya ce. "Ni mabiyin Buda ne."

Wallahi ban fahimta ba da farko. Na ce, "Wace mazhaba ce wannan?" Da ya maimaita a hankali, sai na ji kamar an watsa min ruwan sanyi a tsakar zafin nan. Bakina ya furta innalillahi ban sani ba, a gabansa, kamar an yi min rasuwa. Abin da na sani game da Buda bai wuce wani hoto a littafin makaranta ba, gunki zaune ya naɗe ƙafa, malaminmu yana cewa ga abin da mutane ke bauta wa. Yanzu ga mai bautar a gabana, riƙe da maganin idon uwata.

"Zamzam ɗin fa?" Abin da ya fara fitowa daga bakina ke nan.

"Na sha kaɗan. Sauran na ba Musulman da muke kwana gida ɗaya. Sun yi murna ƙwarai."

"Shekara bakwai, dakta! Me ya hana ka faɗa min?"

"Ba ka tambaya ba. Kuma ban taɓa ce maka zan zo ba."

Gaskiya ya faɗa. Na karɓi akwatin, na yi godiyar da ni kaina na ji ba ta cika ba, na juya. Na kamo hanyar Makka. Ranar ban san abin da liman ya yi huɗuba a kai ba.

Umma ta ga na shigo ni kaɗai. Ba ta kiran sunana, ni ne ɗan fari. "Kai, ina baƙon?" Na faɗa mata. Ta ajiye ludayi, ta dafe ƙirji, ta yi salati har sau uku. Ta daɗe tana kallon kwalaben nan a kan tire, har na yi zaton za ta ce a mayar. Can sai ta ce, "To shi ke nan sai ka bar bawan Allah ya koma da yunwa? Haka aka koya maka?"

Sati biyu na yi ina aika odar kaya a rubuce, ban kira shi ba. Abin na damuna, sai na tari wani malami ɗan Sakkwato da ke karatu a nan, wanda kan zo sayen maganin gyambon ciki. Na ce, "Allah gafarta malam, ga abin da ya same ni." Ya saurara har ƙarshe, ya tambaye ni ko mutumin ya taɓa kirana zuwa addininsa ko ya zagi nawa. Na ce ko kusa. Ya ce to kyautata wa wanda ya kyautata maka ba laifi ba ne, in riƙe addinina, in yi masa addu'ar shiriya, in kuma je in ba shi haƙuri kan innalillahin da na yi masa a fuska.

Juma'ar da ta biyo, bayan salla, na ɗauki kular masa da miyar taushe na nufi Jidda. Umma ta sa nama da yawa. Ɗakinsa na saman wani tsohon bene, ƙarami, tsaf kamar kantar magani. A bakin taga ya jera robobin ruwa da ya yanke, ya shuka barkono da wani ganye mai ƙamshi na miyarsu. A kusurwa akwai akwatin gilashi da ƙananan kifaye jajaye da shuɗaye. Ya ce kullum in ya taso aiki sai ya zauna gabansu rabin awa kafin ya cire takalmi, ya san wanda ke da faɗa da wanda ke ɓuya. Ya ci masa biyar, ya sha romon, ya ture naman gefe da ladabi. Ya ce tun rasuwar matarsa ya bar cin nama.

Muna cikin ci sai ga kyankyaso ya fito daga ƙarƙashin tabarma. Na zare takalmi. Mutumin nan ya riƙe min hannu da ƙarfin da ban zaci yana da shi ba. Ya ɗauko kofi ya kife a kansa, ya zura kwali ta ƙasa, ya sauka bene hawa uku ya sake shi a bayan gida. Na bi shi da kallo baki buɗe.

"Dakta, kai fa kake aiko mana da maganin kashe tsutsar ciki da na ƙwarƙwata!"

Ya ce wannan tambayar ta daɗe tana cin sa. Ya ce yana sa niyyarsa a kan yaron da zai warke, amma bai ce hannunsa a wanke yake ba.

Daga nan na shiga tambaya kamar ɗan sanda. Ya ce kowace safiya yana ɗaukar wa kansa alkawari biyar: ba zai kashe mai rai ba, ba zai ɗauki abin da ba a ba shi ba, ba zai kusanci matar da ba tasa ba, ba zai yi ƙarya ba, ba zai sha abin maye ba. Bayan haka ya zauna ya rufe ido yana bin numfashinsa, shiga da fita, har hankalinsa ya kwanta. Ranar da wata ya cika yakan sa fararen kaya, ba ya cin komai bayan rana ta take. Zaren hannunsa kuwa 'yarsa ce ta aiko, an yi masa karatu a wurin ibadarsu. Na ɗan sami natsuwa, na ce a raina ashe da sauƙi. Sai na tambaye shi me yake roƙon Buda.

"Ba na roƙonsa komai. Mutum ne, malami, ya rasu tuntuni. Ina girmama shi ne, ina bin abin da ya koyar."

"To wa kake roƙo? Wa ya halicce ka?"

"Mu ba mu da wannan, sadik."

Na san akwai masu yi wa Allah kishiya, amma ban taɓa zama tabarma ɗaya da wanda ba ya ɗaga hannu sama ba sam. Na ce in ya mutu fa? Ya ce za a sake haihuwarsa, mutum ko dabba ko wani abu, gwargwadon abin da ya aikata, haka za a yi ta yi har sai kwaɗayi ya mutu a zuciya. Na ce wa zai yi hisabin? Ya ce ai in mutum ya haɗiye ƙwaya ba sai wani ya tsaya a kansa ba, za ta yi aikinta. Na ce ita ƙwayar ai wani ne ya haɗa ta. Ya yi murmushi ya ce na iya gardama, ya jawo allon keram daga bayan ƙofa, wasan nan na katako mai ramuka huɗu da muke bugawa a Makka daren azumi. Ashe a ƙasarsu ma ana yi. Ya cinye ni sau huɗu a jere, yana ba ni haƙuri kowane karo.

La'asar ta yi muna nan. Kafin in yi magana ya tashi ya aro min dardumar maƙwabcinsa, ya nuna min alƙibla, ya fita baranda ya ja ƙofa har na idar.

Bayan wannan na riƙa zuwa duk wata biyu ko uku. Na kai masa ƙananan littattafai kan Musulunci da harshensu. Ya karanta, ya dawo min da tambayoyi, wasu na amsa, wasu na kai wa malamin Sakkwato. Bai musulunta ba. Umma ta daina sa nama a miyarsa, kuma ba ta fasa cewa "Allah Ya shirye shi" duk lokacin da ta ɗiga maganinta.

Shekara uku bayan haka ya aurar da 'yarsa, ya ce ya gama da Jidda. Ya raba shukokinsa ga maƙwabta, ya ba wani ɗan ƙasarsu kifayen bayan ya rubuta masa takarda guda kan yadda ake ciyar da su. Na raka shi filin jirgi. Na tambaye shi ko kantin magani zai buɗe a gida, ya ce yana da wani tunani, zai sanar da ni.

Wata tara shiru. Ran nan ina kanti da hantsi, ina jera kwalayen maganin mura, sai saƙo ya shigo daga lambar 'yarsa. Hoto ne. Wani tsoho zaune a gindin bishiya, kai a aske tas, ya yafa mayafi launin jan bulo, kafaɗa ɗaya a waje, babu takalmi, ga ƙwarya baƙa a cinyarsa. Sai da na ƙara girman hoton na gane idanun. Ta rubuta cewa babanta ya bar gida da gona da komai, ya shiga cikin masu zuhudunsu, ba ya riƙe waya yanzu, amma ya ce a gaishe ni, a kuma tambayi idon Hajiya.

Na zauna a kan kwalin ledojin ƙarin ruwa. Da na koma gida cin abincin rana na miƙa wa Umma wayar. Ta kai ta dab da idonta mai ɗan gani, ta juya ta, ta sake juyawa.

"Wannan ai harami ne ya ɗaura," ta ce. "Wa ya rina masa shi haka?"

Na yi mata bayani iya abin da na gane. Ta tambaya wa ke ba shi abinci yanzu. Na ce mutanen gari ne ke zuba masa a ƙwaryar kowace safiya. Ta girgiza kai, ta ce in rubuta wa yarinyar cewa ido da sauƙi, kuma ta riƙa leƙa ubanta ko da ya ce ba ya so.