Carbi a Cikin Gajimare

Na yi sallah a Khartum, na yi a Jakarta, na yi a wani ɗakin otal a Faris da ba shi da ko taga, ban taɓa tambayar kowa gabas ba. Jikina ke gaya mini. Gadon kiwo ne, haka nake cewa, har 'ya'yana suka gaji da ji.

Wata damina 'yar ƙanena, wadda ta koyi tuƙin jirgin sama, ta sauka a Dutse da wani ɗan jirgi mai kujera huɗu, ta ce za ta zaga da ni. Sunan mahaifiyata gare ta, don haka Uwata nake ce mata. Na sa babbar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure.

Manyan jirage na sani, waɗanda ake kawo wa mutum shayi. Wannan kuwa Keke Napep ne aka yi wa fukafukai. Muna tashi dariya ta kama ni, na kasa dainawa. Ga duwatsun garin kamar an zubar da buhun goruba, ga Limawa, ga gero kore shar har Kiyawa. Ina ta nuna mata gidajen mutane kamar ita ce baƙuwa.

Sai gajimare ya rufe mu, fari fat, kamar an tsoma mu a ƙwaryar nono. Ba sama, ba ƙasa. Can ta ɗan taɓa sitiyari, nan take na ji jirgin ya kwanta dama.

"Uwata, mun karkace."

"Ɗazu muka karkace, Baffa. Yanzu na miƙar da shi."

"Ni za a gaya wa? Koma hagu."

A gidanmu ba a mayar wa baffa magana sau biyu. Na ga hannunta yana bin maganata kaɗan-kaɗan, jikina kuwa ya ce yauwa. Na ciro carbi na rataya a yatsa, yadda magina ke gwada bango da igiya. Ya tsaya cak.

"Kin gani?"

Amma kukan injin ya canja, allurar da ke nuna nisanmu da ƙasa tana ta komawa baya. Duwatsun da na gama yabo suna nan ƙarƙashinmu, ba ma ganinsu.

"Baffa," ta ce, ba ta dube ni ba, "ni ma abin da jikinka ke faɗa shi nawa ke faɗa. Duk ƙarya suke yi. Ka ja carbin nan, ka yi mini shiru."

Ja na yi. Ta kafa ido a kan wani ɗan agogo mai nuna karkatar jirgi, rabinsa shuɗi rabinsa ruwan ƙasa, ta mayar da jirgin dama. Da an ba ni Alƙur'ani da na rantse kifar da mu take yi. Na sake sakin carbin a ɓoye. Yana nan tsaye cak kamar ɗazu, munafuki, kowa ya riƙe shi nasa ne.

Muka ɓullo ta ƙasan gajimaren, gonaki a shimfiɗe, fukafukai a daidaice. Dariyar ta dawo mini har da hawaye. Ita gumi take sharewa da bakin mayafi.

Da muka sauka ta durƙusa wai in yafe mata. La'asar ta yi. Na shimfiɗa babbar rigar a gefen fili, na tsaya, na juya, na sake juyawa.

"Uwata, ina gabas?"

Ta sunkuyar da kai, ta nuna bayana.