Na Ƙanwata Ne

Tana gabana a layin kantin magani, mace mai kimanin shekara arba'in, da garin alli a hannun rigarta. Malamar makaranta ce, ina jin. Ta kasa tsayuwa wuri guda, tana dogara kan wannan ƙafa tana komawa waccan. Sau biyu tana ba mazan da ke bayanmu wuri, tana jiran su ragu.

Da ta isa gaban mai kemis, muryarta ta shige ciki.

"Ƙanwata ce ke fama da ƙaiƙayin gaba da farin ruwa mai kauri. A ba ni kafson sanyi da sabulu mai ƙamshi."

"Malama, ba makon jiya kika saya ba?"

"Bai ji ba. Ƙaro."

Shekara talatin na yi ina aikin ungozoma. Na gane ba wata ƙanwa, ita ce mai ciwon. Na san kafson nan ne ke kashe ƙwayoyin da ke tsare wurin, ƙaiƙayin ya samu fili, sabulun kuma ya ƙara hura wuta. A duba ta kawai take bukata, a ba ta maganin cusawa na 'yan kwanaki. Wataƙila har mijinta take zargi, bawan Allah, alhali ciwon ba sai an ɗauko ba.

Na buɗe baki zan ce "'yar'uwa", sai na ji nauyin tona mata asiri. Ga ta can tana cusa ledar ƙarƙashin littattafan ɗalibai, tana fita a hankali.

Ita kunya ce ta hana ta faɗa. Ni da na sani, me ya hana ni?